Matan da Ba Su Shiga Rajista Ba

Hay el-Sabi', Alƙahira

Zuwa ga Yaya Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Mun fara kwas ɗin shugabannin kiwon lafiya. Malamarmu, Dakta Rania, ta raba wa kowa jerin jihohin ƙasarsa, daga ta gaba zuwa ta ƙarshe, da shi muke karatu. Yaya, wajen ƙarancin mutuwar mata a haihuwa jiharmu ce ta uku! Ni da na fara da yankan kati a asibitin sha-ka-tafi, da takardar sakandare kawai, yau masu digiri biyu ke tambayata sirrin. Alhamis ta sama zan yi musu jawabi.

Kullum kina cewa ke mai wankan gawar mata kin fi ofishinmu sanin unguwa. To, ki aiko da naki lissafin in gani.

Ƙaninki,
Tanimu

Yaya Azumi,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya.

Hoton takardarki ya iso ta waya. A jirgin ƙasa na buɗe shi, har na wuce tashar Ma'adi inda zan sauka ban sani ba. Mata goma sha ɗaya kika wanke daga babbar Sallah zuwa yau, duk a kan gwiwa suka cika. Na sa an duba rajistarmu, babu ko ɗaya. A gida suka rasu, kafin la'asar an kai su makwanci. Wa zai rubuta?

Wadda ta fi tsaya min a rai Humaira ce, matar Rilwanu tela. Kin ce ta je ƙaramin asibitinmu aka sallame ta. Ni na ba da umarnin nan, Yaya: duk naƙudar da ta yi tsanani a tura ta babban asibiti, kada ta mutu a hannunmu. Ban taɓa tambayar ko suna isa ba.

Kwamishina ya san da jawabin, hotuna yake jira. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Tanimu

Yayata,

Sallama da fatan alheri, ina gaida mutanen gida.

Na yi jawabin. Wanda na shirya yana aljihu. Sunayen matan nan na karanta musu ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi umarnina da bakina. Dakta Rania ta tashi ta ja layi ta soke matsayi na ukun nan namu.

Jiya aka kira ni daga ofis, wai in na dawo in miƙa wa mataimakina makullai. Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan, Yaya. Ba zan ce miki bai yi zafi ba. Amma tun sa hannuna yana da daraja na soke umarnin, takardar ta isa kowane asibiti.

Talata zan sauka, kada kowa ya zo tarya. Ki tambayar min Rilwanu ko zai yarda in zo masa ta'aziyya. In ya ce a'a, kada ki roƙe shi.

Wassalam. Ƙaninki,
Tanimu