Damin Ƙarshe Daga Gonar Palladan

Samaru, Zariya

Yaya Dominic,

Gaisuwa mai yawa. Ya Fatakwal, ya Lovelyn da yara? Mama lafiya lau, sai ƙafar nan tata.

Oga Ejike mai haya ya dawo mana da makullin siton Baba na Sabon Gari. Wai tirela ba ta iya shiga layinmu, kamfanoni kuma yanzu sai manyan sito masu dogon rufi a bakin titi. Ka ji ikon Allah, gonar Mama ta Palladan da muke rainawa, ita ake rububi! Wani kamfani na so ya gina ƙaton sito a wurin, motocin Legas su riƙa sauke kaya kafin a raba zuwa Kano da Sakkwato.

Ban gaya wa Mama ba, bakina ya yi nauyi. Ka san daga gonar nan take kai damin dawa coci kowace ranar godiyar girbi.

Ƙanwarka,
Lucia

Fatakwal

Lucia,

Muna lafiya, a gaida Mama. Haba Malama, ke da ke surutu gaban ɗalibai, yau Mama ta gagare ki? Masu zuba jarin nan ba sa jira, in muka ja ƙafa za su koma hanyar Basawa. Kada a sayar, a ba su haya mai tsawo. Dawa kuwa sai in saya mata a kasuwa.

Yayanki,
Dominic

Samaru

Yaya,

Barka da aiki. Na gaya mata. Ta ce ai tun da ta ga masu awo a gonar maƙwabta ta sani. Ta yarda da hayar, amma sai bayan girbi, kamfanin ma ya amince. Zancen dawar kasuwa ne kawai ya ɓata mata rai. Ta ce, "Abin da ban noma ba zan kai wa Ubangiji?"

Jiya muka kwashe amfanin gonar zuwa siton Baba, tunda ba kowa a ciki. Ta zauna a bakin ƙofa har aka gama, ni kuwa na yi ta ɓoye hawaye.

Godiya Lahadi mai zuwa ce. Ƙafarta ba za ta iya ɗaukar dami zuwa gaban coci ba, kuma ta hana ni taɓa shi. Ta ce na ɗan fari ne, wato kai.

A huta lafiya,
Lucia

Fatakwal

Lucia,

Na gaishe ku. Na yanki tikitin motar Juma'a. Ki ce wa Mama kada ta rage damin, ta bar shi da nauyinsa.

Dominic