Zuwa ga Yaya Habu, a Birnin da Ba a Jin Maganarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan Allah ya kawo sauƙi, Nasiru ne daga Guangzhou ta ƙasar China. Likita ya ce yanzu ba ka iya karatu. Na sani, amma duk da haka kai nake rubuta wa.

Jiya ina cikin jirgin ƙasa zan kai kaya wurin masu tura kaya ƙasashen waje a unguwar Xiaobei, sai na ga labari a waya. An sake jera biranen duniya, kuma Vienna, babban birnin Ostiriya inda kake kwance, tana nan a sahun gaba wajen daɗin zama. Ban karanta zuwa ƙarshe ba, na mayar da wayar aljihu.

Ka tuna ranar da ka fara nuna min irin wannan labarin? Muna cin shinkafa a shagon Alhaji Isufu ɗan Maraɗi, ba ka daɗe da gama karatun injiniya a nan ba. Ka ce, "Duba, Nasiru. An auna asibiti, an auna tsaro, an auna mota. Ruwan famfo ma sha ake yi." Na ce ka nemo mana Guangzhou, ka yi ta jan yatsa kafin ka same ta. Da na ce ka nemo Kano, Alhaji ya leƙo ya ce "meyo", wato babu, kamar yadda 'yan China ke ce mana a shago. Duk muka yi dariya, ban da kai.

Ban ga laifinka ba. Ka gaji da sabunta takardar zama, ka gaji da masu gidan haya da ke cewa an riga an kama ɗakin da zarar sun ga fuskarka. Ranar da na raka ka filin jirgin sama na Baiyun za ka tafi ƙaro karatu, ka ce idan ka zauna da gindinka za ka ɗauko ni.

Kuma ba su yi maka ƙarya ba, Yaya. Ka gama karatu, ka sami aiki. Ranar da ka yanke jiki ka faɗi a ofis, motar asibiti ba ta ɓata lokaci ba. Ɗakinka tsaf yake, ina gani ta waya, har da itatuwa a bayan taga. Sai dai da ka farfaɗo, ɓarin jikinka na dama ya shanye, kuma Jamusancin da ka sha wahalar koyo ya tafi. Turanci ya tafi, na China ma haka. Hausa kaɗai ta rage maka, ita ma da ƙyar take fita.

Safiyarku ita ce la'asar ɗinmu. A lokacin ina Xintang cikin dilolin wandon jins, sai in fita bakin matattakala inda ƙarar kekunan ɗinki ta yi sauƙi. Nas ɗinka, wata dattijuwa mai haƙuri, ta riƙe maka waya, ka faɗa, ni kuma in juya mata da Turanci. Abin da ya rage mana ke nan.

Akwai ranar da na makara ban kira ba. Tun safe kana ce musu "sanyi, sanyi". Suka ɗauka sunan wani kake kira, suka yi ta neman Sani a wayarka. Da na kira na gaya wa nas ɗin bargo kake so, sai da ta juya baya ta share ido. Ban taɓa gaya wa mahaifiyarmu Hajiya wannan ba.

Na nemi biza da takardar asibiti a hannuna, an hana ni. Sun ce ba su gamsu zan dawo ba. Na tambayi likita ko za a kai ka gida, ya ce jikinka ba zai ɗauki jirgi ba tukuna, kuma bai ce yaushe ba. Hajiya kullum sai ta aiko da saƙon murya daga Kano. Nas ta ce idan an kunna maka, ɗora wayar kake yi a ƙirji, ba ka yarda a karɓa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na makon nan. Nas ta ce ka daina ƙoƙarin yi musu magana, ka rage cin abinci, bango kake fuskanta. Da ta miƙo maka wayar ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Nasiru, na gaji da nuni. Turo min mutum."

Ba ni da mutum a can, Yayana. Shi ya sa na sa wasiƙar nan a fili a intanet, ko Allah zai sa wani mai jin Hausa a garin ya gani ya neme ni. Ba sai ya kawo komai ba. Ya zauna kusa da gadonka kawai, ya ce maka sannu, ka amsa, ya gane.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Allah ya kwance harshenka, ya aiko maka da wanda zai ji ka. Ka ci abinci don Allah, ko kaɗan ne. Gobe da la'asar zan kira.

Ƙaninka,
Nasiru