Wanda ke Kaɗawa a Bayan Lasifika

Mawlai, Shillong
6 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga yayata abar ƙauna, Kong Phida,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da mahaifiyarmu Mei da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki, ta daina kumbura? Yaya ɗalibai, yaya ruwa a can tsauninku? Mu nan lafiya, sai gwiwar Mei da ke tashi in gari ya yi sanyi. Ta ce in tambaye ki ko busasshen kifin da muka ba direba ya iso, don ita idon mutumin bai kwanta mata ba.

Kong, mawaƙan nan 'yan Tsawa sun dawo. Bayan shekara goma sha takwas da watsewa, ga hotunansu an manna tun daga kasuwar Iewduh har ƙofar asibitinmu. Wai ranar goma sha takwas ga wata za su yi wasa a babban filin ƙwallo, su huɗun nan na asali, Bah Teibor a waƙa, Bah Lam a jita. Da na gani sai da na tsaya na sake karantawa. Kin tuna ranar da muka ce wa Mei za mu koyon waƙar coci, muka bi yayanmu Bah Shem, ya shigar da mu wasansu a matsayin masu riƙe masa wayoyin lasifika? Ke kika toshe kunne. Ni kuwa tun ranar ban warke ba, kaset ɗinsu har yau yana ƙasan akwatina.

Amma ki ji abin da ya hana ni murna, kuma in kin karanta ki ƙona takardar nan, don maganar aiki ce. Bara war haka Bah Lam yana kwance a ɗakin jinyarmu a asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sati biyar ina juya shi. Ranar da aka sallame shi na sa masa cokali a hannun, ya sulale ya faɗi. Wannan hannun ba zai danne tsirkiya ba ko likitan duniya ne ya duba shi. To da me zai kaɗa? Ni dai na ce kaset za su saka, su tsaya suna girgiza gashi, mutum dubu ashirin su biya kuɗi su kalli ƙarya.

Na yanke ba zan je ba. Sai ga shi shekaranjiya mai gadi ya miƙo mini ambulan, sunana a kai da rubutu a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Ciki tikiti guda, babu wasiƙa, babu sunan mai aikowa. Mai gadi ya ce wani ɗan tasi ne ya ajiye ya wuce. Na nuna wa mijina Kyrshan, ya yi dariya ya ce, "Tsohon saurayi ne ya tuna da ke. Ki je, ni zan zauna da Mei, kunnena yana da amfani." Mijin nan ba ya ɗaukar komai da zafi.

Ni abin da nake zargi, toshiyar baki ce. Sun san na san hannun. Amma in toshiya ce, ai da sun ba ni wuri mai daraja. Na duba taswirar filin a jarida: can gefen hagu ne, kusa da bango, inda ba ka ganin fuskar kowa sai gefen lasifika. Ko cin fuska ne, ko gargaɗi, ban sani ba.

Mei ba ta san komai ba. Kin san ba a ambaton Tsawa a gidan nan. A wurinta su suka koya wa Bah Shem jita da kwalba, su suka sa yana otal a garin Guwahati yana kiɗa ranar da muka binne Pa, mahaifinmu. Har yau ina jin muryarta a bakin ƙofa da ya iso washegari, tana cewa wanda bai ɗauki gawar ubansa ba kada ya ɗauki tata. Shekara goma sha shida ke nan, ko kati bai aiko ba.

Zan je. Zan ari tabarau mai hangen nesa na maƙwabcinmu, in kalli hannun nan da idona.

Ki gaishe da mijinki da yara. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Taki ƙanwa,
Banri

Mawlai, Shillong
19 ga Oktoba, 2008

Kong Phida,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Ki yafe mini gajarta gaisuwa yau. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na isa filin tun ƙarfe uku, layi ya kai gada. Ba ki ga masu furfura cikin baƙaƙen rigunan fata da suka daina rufe tumbi ba. Na ga shugaban makarantar su 'yata Daphi da ɗankwali a goshi, ya gan ni ya kau da kai. Wurin da aka ba ni kuwa kamar yadda na faɗa, ga bango ga rumfar masu shayi, ga tulin lasifika ya tare rabin dandamali. Na tsaya ina duba fuskokin da ke kusa da ni ko wani zai kalle ni kallon sani. Babu.

Ƙarfe biyar da rabi ganga ta faɗi. Kong, na zo ne in kama ɓarawo, amma da Bah Teibor ya buɗe baki ya fara "Hanyar Sohra", ban san lokacin da na ɗaga hannu ina ihu ba. Muryarsa ta dushe, sama ba ta kai masa, mu muka riƙa kai masa ita. Ƙasa tana motsi a ƙarƙashin takalmina. Sai a waƙa ta uku na tuna da tabarau a jaka.

Bah Lam yana zaune a kan doguwar kujera, hula ta rufe masa ido. Hannun dama yana hawa yana sauka. Na hagu kuwa an ɗora shi a wuyan jita, yana nan wuri guda kamar tsuntsun da ya mutu a kan reshe. Jita kuma tana kuka, tana gudu sama da ƙasa. Na ce a raina, na kama ku.

Sai aka fara yayyafi, wani abu ya yi tartsatsi, fitilun gaba suka mutu. Bah Teibor ya tsaya tsakiyar baiti, ya shiga zolayar jama'a, yana jan kalma guda yana saki, don a samu a gyara. Jita ta bi shi. In ya ja ta ja, in ya tsaya ta tsaya, har ya yi tari ta kwaikwayi tarin, fili ya fashe da dariya. Kaset ba ya jiran mutum ya yi tari. Wani ne yake kaɗawa, a nan, yanzu.

Na juya tabarau ina bin wayoyi. Daga inda nake, kuma daga nan kaɗai, ana ganin ratar da ke tsakanin lasifika da baƙin labule. Wani mutum yana zaune a kan akwati, ya ba jama'a gefe, kansa fari fat, ramamme. Ban gane fuskar ba. Kafaɗar na gane, ta dama da ke ɗagawa har ta taɓa kunne in ya kai wuri mai wuya, kamar Pa in yana faskaren itace. Na sauke tabarau na goge, na sake ɗagawa. Sau huɗu ina yin haka, ina ce wa kaina idon mai nema yana ganin abin da yake nema.

A waƙa ta ƙarshe Bah Lam ya gaji, ko kuwa da gangan ya yi, Allah ya sani. Ya saki hannu biyu suka sauka a cinyarsa, jita ba ta fasa ba. Mutanen gaba suka gani. Aka fara fito da ihu, wani kusa da ni yana cewa an cuce mu, robobin ruwa suka fara tashi. Bah Lam ya juya wajen labule yana yafuto da hannunsa mai lafiya, sau ɗaya, sau biyu. Mutumin bai fito ba. Ya sunkuyar da kai ya kai waƙar ƙarshenta, tsaf, kamar yana ɗaki shi kaɗai.

Na zaga baya da katin asibiti a hannu, na ce wa ɗan sanda an kira ni duba mara lafiya. Allah ya yafe mini. Na same shi yana naɗe waya. Na ce, "Bah Shem." Ya ajiye wayar ya juyo.

"Hep," ya ce, wato ƙanwa, kamar jiya muka rabu, "kin yi ƙiba."

Na ce shi ya sa ya aiko mini tikitin kusa da rumfar shayi? Ya ce wane tikiti. Na kafe shi da ido, kin san na saba da masu cewa sun sha magani alhali yana ƙarƙashin filo. Ba ƙarya yake ba, fuskarsa ta yi fari. Muka waiwaya tare. Bah Lam yana can cikin keken guragu ana lulluɓa masa bargo, ya ɗaga mini hannun dama, wanda ba da shi ya saba rubutu ba, don bahago ne. Nan na gane wanda ya aiko tikitin.

Bah Shem ya ce a garin Siliguri yake, yana gyaran rediyo da talabijin. Bah Lam ne ya nemo shi, ya yarda bisa sharaɗin kada kowa ya sani. Ya ce shekara bakwai bai taɓa kwalba ba. Na matsa kusa kamar zan gyara masa kwala, na shaƙa. Taba ce kawai da ruwan sama, amma yini guda ba shaida ba ne. Ya tambayi Mei ba tare da ya kalle ni ba. Na ce ya zo ya gani. Ya ce zai zo, jibi ko gata, bari ya kintsa.

Na san wannan jibin. An kira shi ya ɗauki wani akwati, ya ce in jira. Jitarsa tana jingine cikin gidanta, tsohuwar jar nan ce, ya liƙe ta da salatif. Na saɓa ta a kafaɗa na fita ta ƙofar da na shigo. Ɗan sandan har ya riƙe mini labule.

Tana cikin kabad ɗina yanzu, bayan barguna. Ban gaya wa Mei ba. In bai zo ba, gara ta ci gaba da rashin da ta saba da shi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Banri

Mawlai, Shillong
27 ga Oktoba, 2008

Yayata Kong Phida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Ina fata wasiƙuna biyu sun iso a jere, in ba haka ba wannan za ta ruɗa ki. Yaya jiki? Daphi tana gaishe da 'yan'uwanta.

Jibi ta zo ta wuce, gata ma haka. Jaridu suka yi ta rubutu, wasu na cewa zamba, wasu na tambayar wane ne na bayan labule. Na je aiki ina zargin kowace tasi da ta rage gudu a layinmu. Ran Laraba na ce wa Kyrshan ai Bah Shem ya tafi, ya sayi wata jitar a Siliguri, an gama. Kyrshan ya ce mutumin da ya liƙe abu da salatif shekara ashirin ba ya sayen wani.

Alhamis da hantsi, ina shanya, na gan shi a bakin shinge da 'yar jaka. Bai taɓa ƙofar ba. Ya ce ya zo karɓar kayansa, in miƙo masa ta nan, motarsa ƙarfe ɗaya za ta tashi. Na ce kayan suna ciki, ni kuma hannuna da ruwa.

Mei tana baranda tana yanka goro. Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni, na ga ta gane har da abin da ban faɗa ba. Ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wane ne wannan da ke tsaye kamar mai karɓar kuɗin wuta?"

Ya ce, "Ni ne, Mei."

"Miƙo hannunka in gani."

Ya shigo ya durƙusa ya miƙa su biyu. Ta riƙe su a iska ta saki, tana kallo ko za su yi rawa. Ba su yi ba. Ta juya tafin, ta taɓa kantar da ke kan yatsun. Sannan ta shafa farar ƙasa a ganye, ta naɗe goro a ciki kamar yadda muke tarbar mutum a nan, ta sa masa a hannu, ta ce mini in ƙara shinkafa.

Maganar bakin ƙofa ba wanda ya tayar da ita, sai ran Asabar. Ta sa ya raka ta kabarin Pa, su biyu, ta hana ni bi. Sun yi awa biyu. Da suka dawo gwiwoyin wandonsa duk laka, ita kuma tana yi masa faɗa wai bai iya cire ciyawa ba, yana tuge furanni. Abin da aka ce a can ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Yana kwana a ɗakin ajiya. Ya gyara rediyon Mei da fankar maƙwabta. Ban ce miki na yarda da shi ba, Kong. Jakarsa har yanzu a ɗaure take, kuma na ga yana duba jadawalin motoci a jarida. Kowace safiya in na kai masa jan shayi sai na shaƙa, ya sani, har yakan hura mini iska ya ce, "Likita, an ci jarrabawa?"

Jiya ya ce in ba shi jitar ko na awa guda, yatsunsa suna ƙaiƙayi. Kafin in amsa Mei ta ce daga ɗaki a ba shi, amma a nan tsakar gida inda take ji, kuma in an gama a mayar. Ya kaɗa ba lasifika, a hankali. Ta ce hayaniya ce. Ba ta ce ya daina ba.

Makarantarku tana hutu ranar ashirin ga Disamba. Ki nemi izini ki taho kafin nan, ko da ƙafar ba ta gama saɓewa ba. Na gaya masa ba zan buɗe masa kabad ya tafi da ita ba sai kin zo kin gan shi da idonki. Ya ce wannan garkuwa da mutane ne. Na ce e. Mabuɗin yana wuyana, da shi nake wanka.

Ki yi sauri, Kong. Ban san iya kwanakin da kabad zai riƙe mutum ba.

Taki har kullum,
Banri