Manaja Mai Sunan Baba

Batsari, Talata.

Zuwa ga Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da mutanen Safana baki ɗaya. Tunda an rufe layukan waya, na ba Yero direba wannan takarda.

Yaya, abin da ya tunkaro ni a kamfaninmu na matsar man gyaɗa, inda nake aikin awo, ban taɓa cin karo da irinsa ba, ko a cikin ƙasidar ladubban aiki da nake bi. Alhaji, mai kamfanin, ya naɗa ɗansa na fari manaja. Yaron ya dawo daga karatu da tsare-tsare. Wasu na alheri ne: ana ba mu abincin rana, da tunkuzar dabbobi, kuma wanda ya kwanta ciwo kamfani ke kai shi asibiti. Amma ya hana durƙuso, ya hana cire takalmi a ƙofar ofis, sannan ya kafa doka cewa a taron safe kowa zai gaishe shi da sunansa na yanka, ba Yallaɓai, ba Ranka-ya-daɗe. Wai duk ɗaya muke.

Yaya, sunan Baba gare shi, Allah Ya ji ƙansa.

Jiya da layi ya zo kaina na ce, "Ina kwana, Mai Sunan Baba." Ya yi dariya ya ce, "Malam Almustapha, nan ba zaure ba ne. Faɗi kawai." Bakina ya ƙi. Ya ce wanda ba zai iya bin sabon tsari ba, ga hanya nan. Ya ba ni zuwa Alhamis.

Ki ba ni shawara. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki, Almustapha.

Safana, Laraba.

Almustapha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ya jikin matarka Bushira?

Innalillahi! Sunan Baba gatsau a bainar jama'a? In ka faɗa, kada ka sake taka gidana. In kuma ka bar aikin, me yaranka za su ci, ƙasidar taka? Kai dai tun kana yaro tsoro ke cinka. Tashi ka je wajen Alhaji, ai yana da rai.

Yayarka, Zuwairatu.

Batsari, Asabar.

Zuwa ga Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar girmamawa. Bushira ta samu sauƙi.

Na bi umarninki, duk da cewa ƙasida ta hana tsallake shugaba. Alhaji ya saurare ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Na fito ina ganin tawa ta ƙare.

Ranar Alhamis sai ga shi a taron safe. Ya wuce kujerarsa, ya tsaya cikin layin leburori, daf da ni. Manaja ya ce, "Baba, ai ban da kai."

Alhaji ya ce, "Kai ka ce duk ɗaya muke. Ni kuwa tun ranar sunanka ban taɓa kiran sunan nan ba, ɗan fari ne kai. To, sallame mu tare, ni da mai awon gyaɗa."

Manaja ya sunkuyar da kai, ya janye dokar.

Sai dai wata ta ɓullo. Ya ce tunda sunan mahaifina gare shi, ya karɓi matsayin. Yau a gaban manoman ƙauyen Karare, yaron da aka haifa ina da aure ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, kawo sikeli!"

Yaya, na amsa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki, Almustapha.

Safana, Lahadi.

Almustapha,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Riƙe aikinka.

Ka gaishe min da Baba, ka shaida masa babbar 'yarsa tana Safana, bai zo ya ga jikokinsa ba.

Yayarka, Zuwairatu.