Kowa Ma Zai Iya

Ravne, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Mojca,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Rok. Ya tarin nan naki, ya sake ki?

Jibi za mu tafi kotu a birnin Munich na ƙasar Jamus da babanki. Kin san takardar mallakar fasahar da aka ba shi kan yadda yake gasa ƙarfe, ya tsoma a mai, ya sake mayar da shi tanda da sassanyar wuta don kada wuƙaƙen inji su tsage. To, wani babban kamfani ya kai ƙara a soke ta. Wai abin a bayyane yake, duk wanda ya san aikin zai gano da kansa. Lauyarmu ta ce shari'ar duka a kan wannan kalma take. A bayyane! Ni da na ga gashin girarsa ya ƙone, na share tarin ƙarafan da suka fashe tun kina goye!

Ki sa mu a addu'a.

Mamanki,
Zdenka

Ravne, ranar Juma'a

Mojca 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Mun dawo, amma ba da labari mai daɗi ba.

Kin san halin mutanenmu na kwarin nan, a yaba wa mutum sai ya hau ƙasƙantar da kansa. Lauyan kamfanin bai yi faɗa ba, yabo ya yi ta zubawa. Ya ce, "Malam Lojze, wannan aiki sai gwani irinka." Babanki ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja, ya ce, "Haba, ba wani abu ba ne, kowa ma zai iya."

Tafinta ya fassara, aka rubuta. Lauyarmu ta miƙe tana cewa kunya ce irin ta garinmu, amma magana ta riga ta fita. Sun kawo wasu hujjojin ma, sai dai wannan ita ta tsaya masa a rai. An soke takardar.

A jirgin ƙasa ban tausaya masa ba, faɗa na yi. Na ce, "Tsoho da kai, ba ka iya cewa na gode ka yi shiru?" Ya ce, "Zdenka, haka babana ya koya mini amsa yabo." Wallahi har yanzu maganata tana ci na.

Bai sake kunna tandarsa ba. Jiya na dafa masa miyar wake da kabeji mai tsami, ya kurɓa ya ce babu mai yin ta kamar ni. Kafin in ankara bakina ya ce, "Haba, kowa ma zai iya."

Ya dube ni, ya ajiye cokalin, ya rufe fuska da hannuwansa. Ban taɓa ganin babanki yana kuka ba sai jiya.

Ki zo, Mojca. In kin zo ki yaba masa, kada ki bari ya amsa.

Taki har kullum,
Mama