Takwararki Ta Iso, Malama Mairo

Zuwa ga Malama Mairo,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki cikin sauƙi. Ni ce Hadiza, maƙwabciyarki ta unguwar Ma'adi a Alƙahira, matar Sani mai aiki a ofishin jakadanci. Na gabatar da kaina ne don matar da ke kula da ke a gidan tsofaffi can Wales ta ce sunaye sun fara kuɓuce miki, waya ma ba kya iya riƙewa.

Kin tuna haɗuwarmu? Ina sabuwar zuwa Alƙahira, Larabcina bai wuce "ma'alish" ba, ina ta fama da mai gadin gidanmu a kan tukunyar gas, sai na ji an ce min sannu da aiki da Hausa. Na waiga, na ga tsohuwar Baturiya da ledar lemo. Ashe a Zariya kika yi ƙuruciyarki kina koyarwa, can ɗalibai suka mayar da sunanki Mair ya koma Mairo. Ranar a kan matakala na zauna na yi kuka, ko kunya ban ji ba.

Tun daga nan barandarki ta zama tsakar gidana. Sau ɗaya na kira ki 'yar Ingila alhali ke 'yar Wales ce, kika ajiye kofin shayi kika ce, "Hadiza, ni na taɓa ce miki Bayarabiya?" Ban sake ba.

A barandar nan na san ƙauyenku kamar na je. Ɗan cocin kan tudu da kakanninki masu fasa dutse suka gina da hannunsu in sun tashi daga aiki. Rijiyar wata waliyyiya da mahaifiyarki take ɗebo ruwanta ta wanke muku ido. Bishiyar maƙabarta da ta girmi cocin kansa, da kaburbura a jere, kowanne da allon baƙin dutse. Kina jero min sunayen mamatan da ka kamar mai tilawa, ni kuwa ina tsokanarki wai tumakin garinku sun fi masu ibada yawa. Ba ki yi dariya ba. Kika ce an rufe cocin an sayar, yanzu 'yan yawon buɗe ido ke kwana a inda kakanki yake tsayawa yana jan waƙa.

Wata rana kika tambaye ni inda aka rubuta sunan kakata. Na ce mu ba ma rubutawa, kabarinta a Katsina ko babana sai dai ya yi kintace. Kika zaro ido. Na ce ai ga ta nan tana shan shayinki, sunanta na ci, shi ya sa har yau babana ba ya kirana Hadiza, sai Inna. Sai kika ce, "Ku a kan yara kuke rubutawa, mu a kan dutse. Ni ba ni da yaro, masu karanta dutsen kuma sun ƙare."

Maganar nan ba ta taɓa barina ba.

Tunda kika koma kusa da kaburburan nan, garin nan ya yi min faɗi. Sani kullum yana ofis. Sababbin da suka kama gidanki sun cika barandar da shanya. In na dama kunun gyada har yanzu hannuna na mutum biyu yake aunawa. Ina kewarki, wallahi, ba kaɗan ba.

To, Malama, ga abin da ya sa na rubuto. Asibitin da kika sha raka ni neman haihuwa shekara da shekaru, kina riƙe min jaka kina faɗa da direban tasi, Allah ya amsa. Na sauka lafiya, mace. An yi suna ba taro, daga abokan aikin Sani sai ɗalibai 'yan gida da suka zo daga unguwar Abbasiya cin tuwo. An raɗa mata Maryam. Dangin Sani suka yi ta bugo waya suna tambayar wace Maryam ce a zuri'a, ya ce musu uwa ce da muka samu a baƙunta. Kuma kin san mu, bakina ba zai iya kiran sunanki gatsau ba. Malama muke ce mata.

Sunayen kakanninki sun fi ƙarfin harshena, kin sha yi min dariya a kansu. Amma tudun, da rijiyar, da bishiyar, duk za ta ji su.

Tsorona ɗaya ne: kada ki tafi kina zaton dutse kaɗai ya rage miki. Mai kula da ke ta ce da yamma kina magana da wani yare da ba wanda ya gane a gidan. Ni na san wane ne, Hausa ce. Shi ya sa na sa wasiƙar nan a fili inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ɗanmu da ke kusa ya je ya karanta miki a kunne.

Allah ya ba ki sauƙi, ya tausasa hannun masu kula da ke, ya bar miki tunaninki har saƙon nan ya iso. Ya raya takwararki.

Taki har kullum,
Hadiza, wadda yanzu ake kira Maman Malama.