Tun Da Surukina Ya Fassara Sunana

Gwaggo Atika, don Allah ki cece ni, aurena na shirin lalacewa saboda kalma guda ta Turanci.

Ni direban keke ne a Runjin Sambo, kuma ina ɗaga ƙarfe. Abokai suka laƙaba mani Masul saboda damtsena, har na sa aka rubuta shi da jan fenti a bayan kekena. Ranar da na tahi gaida Malam Junaidu, mahaifin Mariyatu da zan aura, tsohon malamin Turanci ne, ya tambayi sunan, ni ko na murɗa damtse ya gani. Ya yi dariya har da tari. Gaban mutanen zaure ya bayyana cewa Masul ita ce muscle ta Turanci, daga harshen Latin ta fito, ma'anarta ɗan ɓera, wai mutanen zamanin da sun ga tsoka na motsi ƙarƙashin fata kamar ɓera ƙarƙashin tabarma.

Yanzu daga Ƙofar Rini har Arkilla Ɗan Ɓera ake kirana. Mariyatu ta tsani ɓera, in na miƙa hannu sai ta haye benci, ta ce ba ta zama ɗaki guda da ɓeraye biyu. Kyanwar gidansu ma ta fara bi na. Na daina cin tuwo don damtsen ya sace, ya ƙi. Wallahi jiya na ji yana motsi. Mi zan yi?

Mai Ƙarfe, Sakkwato

Ɗana, fara cin tuwonka tukuna.

Malam bai yi ƙarya ba, asalin kalmar ke nan, Girkawa ma da kalma ɗaya suke kiran ɓera da tsoka. Amma asali daban, ma'anar yau daban, babu abin da ke zaune a damtsenka sai nama. Bai kyauta ba da ya faɗa a zaure. Kai ma wa ya aike ka murɗa wa suruki damtse?

Goge fentin nan, muna da ƙwanji a Hausa, ba ɓera a cikinsa. Ka riƙa sa babbar riga in za ka zance. Kyanwa kuwa, duba aljihunka, ina zargin kilishi. In an ce Ɗan Ɓera ka amsa da dariya, suna ba ya kama mai dariya.

Mariyatu tsokanarka take yi. Wadda ba ta son ka cikin gida za ta shige, ba benci za ta hau tana leƙenka ba. Ku sa rana. Allah ya sanya alheri, ya kawo zuriya mai ƙwanji.